Yadda Za Ka Fara Motsa Jiki Kuma Ka Ɗore a Kai

Ranar da aka fara ce mini jinina ya hau, ba ciwo ne ya kai ni asibiti ba, mahaifiyata na raka. Muna zaman jira sai wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Malam, kawo hannunka kai ma mu gani." Ta ɗaura abin awo, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Sannan ta tambaye ni sana'ata, na ce shago gare ni a kasuwa. Ta ce, "Da me kake zuwa shagon?" Na ce da mashin. "Masallaci fa?" Na ce ai yana bayan rumfarmu. A kan bencin nan na yi lissafi, na tarar tun daga asuba har in kwanta, tafiyar da nake yi da ƙafata ba ta kai ta minti 15 ba. Ni da na taso ina bin mahaifina gona a ƙafa, in dawo in yi langa har magariba.

Wannan jagorar ta irina ce: ɗan kasuwa, tela, direba, ma'aikacin ofis, da uwargidan da injin markaɗe da famfo suka ɗauke mata daka da ɗiban ruwa. Manomi da ɗan dako da mai turin kura, aikinsu ya riga ya biya musu mafi yawan abin da zan faɗa.

Abin da zama yake yi wa jiki

A shekarar 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas masu bene na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke shiga, iska ɗaya suke shaƙa, amma direba a zaune yake wuni, shi kuwa kwandasta hawa da sauka yake yi yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Duk wanda yake wuni a kan benci a kasuwa ya san a cikin biyun nan wane ne shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsokar ƙafa idan tana aiki tana zuƙe suga daga cikin jini ta ƙona, kuma bayan ka huta jiki yakan kwana ɗaya zuwa biyu yana jin maganar insulin, sinadarin da yake saukar da sugan jini, fiye da da. Jijiyoyin jini suna sakewa, zuciya tana ƙara ƙarfin bugu, sai ta daina wahala wajen tura jini. Mai hawan jini da ya lizimci tafiya yakan ga lambar sama ta awonsa ta sauka da kamar 5 zuwa 8. A Amurka an bi mutum fiye da 3,000 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka fitar da sakamako a 2002: waɗanda suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako suka kuma rage ƙiba, kamuwa da ciwon suga ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100, waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metfomin kuwa kashi 31. Ga barci mai nauyi, ga raguwar damuwa da ƙuncin rai, ga ƙashi da gwiwa da suke daɗewa suna ɗaukar mutum.

Awon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 shi ne baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, irin gudu da ƙwallo, sannan kwana biyu a mako ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Minti 150 ɗin nan muka nufa. Amma ba daga nan za mu fara ba.

Mataki na ɗaya: auna kanka kafin ka ɗaga ƙafa

Ka je a auna jininka da suganka, ko a asibiti ko a kemis mai na'ura, ka rubuta lambobin da kwanan wata a ɗan littafi. Idan jinin ya kai 180 bisa 110, kada ka fara komai sai likita ya saukar da shi. Mai ciwon zuciya, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai sikila, su ma likita za su fara gani. Mai sikila musamman, ƙishirwa da wuce gona da iri suna iya tayar masa da ciwo, don haka nasa a hankali ne, da ruwa a hannu. Mai juna biyu ta yi tambaya a wurin awo. Galibi za a ce mata ta yi tafiya, don tana da amfani gare ta.

Sai ka nemi zare ko igiya, ka yanka daidai tsawonka, ka ninka biyu, ka zagaya cikinka da shi ta ɗan saman cibiya. Idan bakin zaren ya haɗu, madalla. Idan bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne kitsen da ya fi jawo suga da hawan jini. Ka adana zaren, za mu dawo kansa.

Mataki na biyu: ɗaure tafiyar a jikin abin da ba ya tashi

A nan mafi yawanmu muke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

Na fara sau uku ina bari kafin wannan karon. Duk ukun iri ɗaya ne: in ji wani ya faɗi ya mutu farat ɗaya, tsoro ya kama ni, in sayi kambas, in fita in yi gudu har in ga duhu-duhu, kwana uku cinyoyina su hana ni ruku'u, shi ke nan an gama. Tsoro yana iya tayar da mutum, amma ba ya riƙe shi. Zumuɗi kuma kwanansa kaɗan ne. Idan ka ce sai ranar da ka ji sha'awar fita za ka fita, to a wata ba za ka fita sau huɗu ba. Abin da na gano shi ne sha'awar daga baya take zuwa, bayan jiki ya ɗanɗana ya ji daɗi. Kafin ta zo, tsari ne zai ɗauke ka.

Mu kuwa Allah ya hutar da mu neman tsari, don yininmu a yanke yake gida biyar. Ka zaɓi salla ɗaya ka ce, "In an sallame, ba gida zan nufa ba, tafiya zan yi." Asuba ta fi, saboda ka riga ka tashi, ka riga ka fito, gari da sanyi, babu ƙurar ababen hawa, babu mai kiranka a waya. Wanda asuba ba ta yi masa ba ya ɗauki bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, ko bayan isha idan unguwarsu da haske da mutane. Mai ciwon suga zai ƙaru ƙwarai da tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin tuwon dare, don tana rage hawan da suga yake yi bayan abinci.

Kada ka ce "zan riƙa motsa jiki." Wannan buri ne kawai. Ka ce, "Gobe bayan asuba, daga ƙofar masallaci zuwa gidan mai, in dawo." Da lokaci, da wuri, da iyaka. Tun da dare ka ajiye takalmin a bakin ƙofa, da shi za ka tafi masallaci, don idan ka koma ɗaki canza takalmi katifa za ta kira ka, kuma za ka amsa.

Sannan ka samo wa kanka dalilin da ya fi "lafiya" kusa da zuciya. Wani so yake ya ci gaba da yin sujada ba a kan kujera ba. Wani yana tara kuɗin Hajji, ya san sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Ni nawa dalilin 'yata ce ta fari. Ina so in aurar da ita ina tsaye da ƙafata, in Allah ya kai mu. Ka rubuta naka a shafin farko na littafin nan.

Mataki na uku: fara da abin da zai ba ka kunya don ƙanƙanta

Mako biyu na farko, minti 10 kacal, kwana biyar a mako. Minti biyar tafiya, minti biyar dawowa. Za ka ji kamar ba ka yi komai ba, za ka so ka ƙara. Kada ka ƙara. A waɗannan makonni ba zuciya muke horarwa ba, ɗabi'ar fita muke shukawa, kuma gwiwa da agara sun fi huhu jinkirin sabawa. Mako na uku da na huɗu ka kai minti 15 zuwa 20. Na biyar da na shida, 25. Zuwa mako na takwas kana yin minti 30 sau biyar, ka ga 150 ta cika. Idan wani mako ya yi maka nauyi, maimaita shi. Idan rabin awa a jere ba ta samuwa, raba ta, 15 da safe 15 da yamma, duk lissafi ɗaya ne.

Yaya za ka san saurin ya yi? Gaisuwa ce ma'auninka. Idan wani ya ce maka "Ina kwana, ya iyali, ya kwanan gida," ka iya amsawa kana tafe, numfashinka ya ɗan ɗaga amma magana ba ta yanke ba, to daidai kake. Idan za ka iya jan baitin waƙa ko ƙira'a ba tare da haki ba, tafiyar ta yi sanyi, ɗaga ƙafa. Idan kuwa kalma biyu ba ta fita sai ka ja numfashi, ka wuce, sassauta. Minti uku na farko da uku na ƙarshe a yi su a hankali.

Masu waya mai ƙirga taku sukan damu da 10,000. Wannan adadin daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a shekarun 1960. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2019 a kan mata tsofaffi ya nuna masu taku kusan 4,400 a rana ma mutuwa ta ragu a cikinsu idan aka gwada da masu 2,700, kuma amfanin ya yi ta ƙaruwa har wajen 7,500. Duk abin da ka ƙara a kan na jiya riba ne.

Takalmi: kambas na gwanjo ya wadatar, in dai bai matse yatsu ba, kuma a sa safa. Silifas yana sa santsi da ciwon dunduniya. Ka bi gefen hagu na titi yadda za ka riƙa fuskantar motocin da suke tahowa. Ka bari gari ya fara haske, kuma a unguwar da ake ƙwacen waya, bar ta a gida. Mai shan maganin suga, musamman mai allurar insulin, ya sa dabino uku ko alawa a aljihu. In ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi da jiri ya tsaya ya ci. Ya kuma duba tafin ƙafarsa kullum bayan ya dawo, don ƙaramin ƙurji a ƙafar mai suga ba ƙarami ba ne.

Ciwon tsoka da yake zuwa washegari ya tafi cikin kwana biyu ko uku ba komai ba ne. Amma nauyi ko zafi a ƙirji, musamman mai sauka hannu ko haɓa, ko jiri, ko numfashi ya ƙi dawowa, ko zuciya ta riƙa bugu barkatai, wannan a tsaya ne nan take a nufi asibiti. Ba a yi masa jarumta.

Mataki na huɗu: shirya wa bakin mutane

A makon farko, sau uku masu mashin suna tsayawa su ce, "Alhaji, lafiya? Hau in ƙarasa da kai." Wani maƙwabcina ya tare ni da fuskar tausayi, ya ce, "Malam, ko mashin ɗin aka sayar ne?" A wurinmu magidanci mai rufin asiri ba ya tafiya a ƙasa, teɓa kuma alamar hutu ce. Wannan kunyar ta hana mutane da yawa abin da zai cece su. Amsa ɗaya na riƙe: "Likita ne ya sa ni." Ba wanda yake ja da wannan. Bayan wata guda aka daina tambaya, bayan wata biyu shi maƙwabcin nawa ya fara jirana a ƙofar masallaci.

Samun abokin tafiya shi ne abin da ya fi komai riƙe ni. Ranar da kasala ta danne ka, kunyar wanda yake tsaye yana jiranka za ta fito da kai. Ka nemi wanda saurinku ya zo ɗaya. Idan garinku da fili, kamar Dandalin Murtala a Kaduna ko Filin Sukuwa a Kano, zuwa can ranar Asabar yana ƙara ƙarfin gwiwa, don za ka ga dattawa da suka girme ka suna zagaye.

Ke kuma uwargida, na san za ki ce aikin gida ai motsa jiki ne. Wani haka ne, wani ba haka ba. Shara a sunkuye, wanki da hannu, daka, jan guga, duk suna cikin lissafi matuƙar sun sa numfashinki ya ɗaga. Tsayuwa a kan tukunya da zaman tsintar shinkafa gajiya suke kawowa, amma zuciya ba ta yi aiki ba. Idan fita ba ta samuwa, tsakar gida ta isa: ki zagaya ta minti 10 bayan asuba kafin yara su tashi, ko ki yi ta taka dakali kina sauka, ƙafa bayan ƙafa. Idan kina fita, raka yara Islamiyya a ƙafa, ki dawo da sauri, da hijabi marar nauyi. Maigida kuma ya taimaka, kada ya zama shi ne mai dariya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya suka sake ya tsere mata.

Mataki na biyar: kwana biyu na ƙarfin tsoka

Daga mako na biyar ka shigo da wannan, minti 10 ya isa, misali Litinin da Alhamis. Tsoka tana fara zaizayewa a hankali tun mutum yana wajen shekara 30, kuma ita ce take tayar da tsoho daga tabarma ba tare da an kama shi ba.

Zauna a kujera mai ƙarfi, ka miƙe ba tare da dafa komai ba, ka koma a hankali, sau 8 zuwa 12. Tsaya taku ɗaya daga bango, dafa shi da tafuka biyu, kai ƙirjinka kusa da shi ka tura kanka baya, shi ma haka. Cika galan mai lita 4 da ruwa, nauyinsa kusan kilo 4 ke nan, ka ɗaga shi daga cinya zuwa kafaɗa, kowane hannu. Sai ka dafa bango ka yi ɗage a kan yatsun ƙafa ka sauko. Ka huta, ka sake zagaye ɗaya. Kada ka riƙe numfashi lokacin yunƙuri, yana harba jini sama. Fitar da iska kana ɗagawa. Wanda ya kai 65 ya ƙara da tsayuwa da ƙafa ɗaya a kusa da bango, kwana uku a mako, ko lokacin da yake asuwaki, saboda kariya daga faɗuwa.

Mataki na shida: bazara, hunturu, azumi, da ranar da ka fasa

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, asuba ce kawai lokacin tafiya. Ka sha ruwan leda ɗaya kafin ka fita, ɗaya in ka dawo. Fitsari ya yi ja, ruwa bai isa ba. Da hunturu, ranar da hazo ya rufe gari, mai asma ya yi nasa a ɗaki, in zai fita ya sa takunkumi ya riƙe abin shaƙarsa. Da damina, tsakar ɗaki da dakali suna nan. Da azumi ka rage rabi, ka mayar da shi dab da shan ruwa a hankali, ko bayan asham. Mai ciwon suga kada ya yi kafin buɗa-baki.

Za ka fasa wata rana, babu makawa. Biki zai zo, ko rasuwa, ko zazzaɓi. Masu bincike a wata jami'a a Landan sun bi mutane suna koyon sabuwar ɗabi'a, suka ga a tsakaice sai da aka kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu ƙasa da haka, wasu har fiye da wata takwas, kuma fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Abin da yake rushe shi shi ne ka ce tunda na fasa jiya shi ke nan. Dokata ita ce ba na fasa kwana biyu a jere sai da ciwo. Ranar da jiki ya ƙi, nakan ce minti biyar kawai zan yi in dawo, da babu gara ba daɗi, kuma sau da yawa in na fita sai na cika. Bayan jinya ka koma da rabin abin da ka saba, ka hau a hankali. Kowace rana ka fita, ka ja layi a kalandar bango inda iyali za su gani. Yara sun iya tuni.

Mataki na bakwai: bayan wata uku, koma ka auna

Kada ka sa sikeli ya zama alƙalinka. Tafiyar rabin awa ba ta ƙona abin da ya wuce kimanin kwalbar lemo ɗaya ba, don haka wanda yake son nauyi ya sauka sosai sai ya taɓa kwanonsa da kofin shayinsa. Amma jini da suga da barci suna gyaruwa ko nauyi bai motsa ba. Ɗauko zaren nan ka sake zagaya cikinka. Duba ko benen da yake sa ka haki yanzu kana hawansa kana magana. Tambayi mai ɗakinka yadda barcinka ya koma.

Sai ka ɗauki littafinka ka koma inda aka fara auna ka. Idan kana shan maganin hawan jini ko na suga, ko lambobin sun yi kyau kada ka ajiye shi da kanka, likita ne kaɗai zai rage ko ya canza. Ni da na koma, likita ya buɗe littafin yana bin layukan kwanaki da yatsa, ya auna ni sau biyu, ya ce jinin ya sauka amma in ci gaba da ƙwayata yadda take. Ya tambaye ni ko hanyar da nake bi tana da tudu, na ce shimfiɗaɗɗiya ce. Ya ce to in nemi mai ɗan hawa in riƙa bi sau ɗaya a mako, in dawo bayan wata uku da littafin.